Mai Jan Ƙafa

Kakata Dije gyaɗa take sayarwa a bakin silimar Garwa, wadda ba ta da rufi, a shekarun farko bayan mulkin kai. Ba ta jin Faransanci ko kalma guda, amma ta kafar ƙofa take leƙen fim, ta dawo gida ta mayar mana da shi tatsuniya. Bayan magariba sai mu kewaye murhunta, tana suyar gyaɗar gobe a cikin yashi. Sauran yara suna da Gizo, mu kuwa sufeton 'yan sanda muke da shi, mai doguwar riga da taba a baki.

Akwai tatsuniyar da ta hana ni sakat. An kashe wata tsohuwa a ɗakinta, ƙofa a kulle ta ciki. Sufeto bai ga komai ba sai sawu a taɓo, na mutum mai jan ƙafa ɗaya. Kaka ta ja ludayi a ƙasa, ƙiii, har tsigar jikina ta tashi. Nan labarin ya tsaya. Wai gwangwanin faifan ƙarshe na fim ɗin ya ɓata a mota tun daga Ngawundare, masu kallo suka watse suna zage-zage.

Na tambaye ta ko an kama mai jan ƙafar.

"Wa ya kama shi, 'yar nema? Wannan ba ta da ƙurunƙus. Yana nan yana yawo."

Ni da tsoro kamar farar kura, sai na tuna Baba Iliya, mutumin Mokolo mai kawo mana dawa, wanda yake jan ƙafar hagu. Na raɗa wa ƙannena, su kuma suka baza a unguwa. Ran da ya dawo muka watse da kururuwa, wani yaro ya jefe shi. Ya tsaya da buhu a ka yana dubanmu, ya sauke a zaure, bai ko sha ruwa ba. Bai sake taka gidanmu ba.

Tun da na girma nake tara irin waɗannan tsofaffin finafinai marasa launi, waɗanda ko masu su sun manta da su. Da furfurata na samu wannan fim na mai jan ƙafa a kaset, wurin wani ɗan koli a Duwala. Na kalle shi har ƙarshe. Ashe mai jan ƙafar maƙwabci ne da yake kai wa tsohuwar abinci kullum. Ɗanta ne ya kashe ta.

Na aika Mokolo a nemo min Baba Iliya. Aka ce ya daɗe da rasuwa, kuma har ya bar duniya bai san laifin da ya yi wa jikokin Dije ba. Yanzu mai kisan ba ya ba ni tsoro kamar ni kaina, yarinyar nan da ta yanke hukunci kafin labari ya ƙare.