Manta-uwa a Tukunyar Inna

Akwai ranar da ba ta taɓa fita raina ba a aikin ganye, kuma tunda kun ce in rubuta muku, ga ta. Lokacin sanyi ne, an gama yankan shinkafa, kogi ya cika. Shekarar ta yi albarka, amma ba mai sakewa a Gaya, don kumandan yana ɗiban maza aikin tilas na hanyar Doso. Wanda ya tafi, in ya dawo, sai ka ƙirga haƙarƙarinsa.

Ni da maigidana muna aiki wajen wani Bature mai kula da aikin gona, wanda mutane suka laƙaba wa Mai Ganye. Maigida shi ke shiga daji ya kawo tsiro, ni ke busarwa. Muddin muna wajensa, ba a sa sunan maigida cikin masu tafiya hanya.

Ga yadda aikin yake. Za a shimfiɗa tsiro a kan takarda mai shan ruwa, a buɗe kowane fure da tsinke, a rufe da wata takardar, a sa tsakanin katako biyu a ɗaure da igiyar fata. Kowace safiya a kwance, a sake busasshiyar takarda, a shanya mai laimar. In ya bushe a manna shi a farar takarda mai kauri, Mai Ganye ya rubuta inda aka samo shi.

A shekarar ce maigida ya hau wata giginya ya sauko da manta-uwa, tsiron nan da ba ya taɓa ƙasa, mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo kamar jikin damisa. Shi kaɗai aka samu da fure. Mai Ganye ya yi murna har ya cire hularsa. Sai dai tsiron ya ƙi mutuwa. Kwana ashirin ina sake takarda, karansa na nan ɗanye shar, har wani toho ya fara yi a cikin katako.

Da Mai Ganye zai tafi rangadi Bengu, ya sa Malam Sambo tafinta ya gaya mini: "Ya ce wannan amana ce. In ya lalace, ke da mijinki ku nemi wani aikin."

Gara ta shiga rumfar aiki, sai na ɗauko katakon na kawo gida. A lokacin ɗiyata ta fari ta isa yaye, uwar mijina Inna kuwa ta zo ɗaukarta kamar yadda aka saba. Ina sake takarda Inna ta leƙo, ta daɗe tana kallo. Ni kuwa ban yi tunanin komai ba, alhali na san abin da tsofaffi ke yi da manta-uwa: jiƙa shi ake a ba yaro ya manta da nono.

Da la'asar na dawo daga kogi na tarar da katako a kwance. Tukunya na tafasa a murhu, karan da ganyen suna ciki, furen na leƙowa ta baki.

"Inna, me kika yi mana?"

"Magani na yi wa jikata. Ko so kike ta kwana bakwai tana ihu a kunnena?"

"Na Bature ne, Inna."

"Shi ma yaye zai yi? Ke 'yar nan, abin da Allah ya ɗora a kan giginya ai ba gadon ubansa ba ne."

Na ce mata, a hankali, ɗanta ne zai tafi hanya. Sai ta miƙo mini ludayi.

Na tsamo shi, ya yi laushi kamar dafaffen rama. Na goge da zane, na buɗe furen ɗaya-ɗaya, na ɗaure. Da maigida ya ji, bai yi faɗa ba. Ya ɗauko takalmansa na fata ya fara gyara musu igiya. Wannan ya fi mini faɗa ciwo.

Kwana biyar ina sake takarda safe da yamma. A na uku na lura takardar na fitowa jiƙe sharkaf, abin da ba ta taɓa yi ba. A na biyar karan ya kwanta sumul, ya bushe ƙayau, ganye ko ɗaya bai zube ba.

Mai Ganye ya dawo, ya juya shi, ya shinshina. Ya tambaya me na yi masa. Malam Sambo ya rage murya: "Ki ce rana ce." Na ce a'a, ya faɗa masa gaskiya, dafa shi aka yi, ya kuma faɗi dalili.

Bature ya yi dariya har ya zauna a kan akwati. Malam Sambo ya ce, "Wai ya ce a ƙasarsu ma masana na tsoma tsiro mai kaurin kara a ruwan zafi ya mutu kafin a matse shi. Ya karanta, ya manta. Ya ce a gaida tsohuwa."

An sa furen a bayan gilashi, an rataye a biro, wato ofishinsa. Maigida bai taɓa taka hanyar Doso da diga ba.

Ku da ke wannan aiki yanzu, ku riƙe biyu: tsiro mai kauri sai ya mutu yake bushewa, kuma kafin ku kai ganye gida, ku tambayi tsofaffi me suke yi da shi.

Washegari na ɗora tukunya a rumfar aiki, na tsoma sauran masu kaurin kara. Daga nan na bi ta gidan Inna in kai gaisuwar Bature, na tsaya a bakin dangar don kada yarinyar ta gan ni. Ta gan ni. Ta yar da ƙoƙon kununta, ta miƙo hannu biyu.

Inna ta ce, "Wuce ki ba mu wuri. Kin tsame maganin bai dahu ba."