Gyaran Alhaji Mamman

Har gobe ina tuna ranar da buhun albasa ya kusa ɓata wa wata tsohuwa alkawarin da ta yi wa abin bautarta. Ku sababbin direbobi, ku matso ku ji.

Lokacin ina jan a-kori-kurar wani kamfanin robobi a unguwar Ilupeju, a Legas. Ogana Ba'indiye ne, kuma uwarsa, wadda muke kira Mama, a gidansa take. Indiyawa suna da wani ɗakin bauta na wata allahiya da suke ce wa Uwa. Duk shekara idan bikinta ya zo, sai ka ga maziyarta daga Kano, Fatakwal, har Kwatano, kowa ya tuɓe takalmi a ƙofa, ƙararrawa na ta kaɗawa. A shekarar nan Oga ya tashi daga ciwo mai tsanani, Mama kuwa ta yi bakance cewa in ya warke, ita za ta ciyar da duk maziyarta a ranar rufe biki.

Da safe ta kira ni. "Sale, dankali, kabewa, kabeji, alayyafo, kwakwa. Amma albasa da tafarnuwa, ko warinsu!" A bikin nan ba sa ci, ba sa ma bari su kusanci tukunya.

Na nufi kasuwar Mile 12 wurin Alhaji Mamman, Basakkwace, dillalin da na saba da shi. Aka yi lodi, na je shan shayi, na dawo na tarar an ɗaure tamfol. Ashe bayan idona Alhaji ya sa 'yan dako sun jefa buhun albasa a ciki. Gyara ke nan! Kun san mutanenmu, ba a sallamar babban mai saye hannu rabbana.

Ramukan hanya suka yi aikinsu. Ina kwance tamfol a ƙofar ɗakin bautar, wari ya bugi kowa. Buhu ya fashe, kabewa ta murƙushe albasa, ruwanta ya bi kayan kaf. Limaminsu ya ja da baya, ya ce babu abin da zai shiga tukunya. Mama ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a kan dakali hawaye na zuba, ga maziyarta sun fara cika harabar. Wallahi da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Na buga wa Alhaji waya. Ya hau ni da faɗa: "Yau ga ikon Allah! Gyaran nawa aka raina? Albasar Aliero ce fa!"

Na ce, "Alhaji, bakance tsohuwar ta yi saboda ɗanta. Ka ɗauka an sa maka mushe a tukunyar buɗa-baki."

Sai ya ce, "Bakance? To me kake tsaye yi? Kar ka zo da motarka, ta riga ta ɗauki wari."

Abin da ya faru a kasuwa daga baya aka ba ni labari. Alhaji ya tsaya a tsakiyar layi yana ihu, duk wanda ya taɓa albasa ranar ya matsa gefe. Ya sa 'yan dako wanke hannu da sabulu, ya tare danfo, bas ɗin nan ta haya mai ruwan ɗorawa, ya sa aka wanke cikinta tas, aka zuba sabon kaya. Ni kuwa ina bakin titi, ina leƙen kowace mota mai ruwan ɗorawa.

Sai ga danfo ta shawo kwana da hon, Alhaji a gaba, babbar riga na kaɗawa ta taga! Limamin ya sunkuya ya shinshina buhu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga hannu alamar kaya sun yi. Kai, ku ga murna! Mata suka yi ca a kan kayan da wuƙaƙe, maza suka hura wuta, har Oga da kansa ya naɗe hannun riga yana feraye dankali. Kafin la'asar kowa ya ci ya ƙoshi.

Alhaji bai shiga ciki ba, ni ma haka. Muna zaune a inuwa sai ga Mama da kwano biyu. Na ga Alhaji ya ɗan sha mur, don mun san sai an kai abinci gaban allahiyar ake rabawa. Mama ta lura, ta ce, "Sale, gaya masa na ɗebi wannan tun kafin a kai ciki. Na san ku ma kuna da abin da ba kwa ci."

Alhaji ya karɓi kwanon. Ya yi bismillah ya kai loma, ya ce, "Miya ba albasa, kuma ta yi daɗi! Sale, in ka faɗa a kasuwa ban yafe ba."

Abin da na koya ke nan a aikin nan. In an aike ka, kar ka tsaya a jin abin da mutum yake so, ka tambayi abin da ya haramta wa kansa, kuma ka gaya wa wanda za ka je wurinsa. Alheri ma in bai san ƙa'idar gida ba, ɓarna yake yi.