Bidiyon Baba a Foldar Shinkafa

Jama'a, yau saura ƙiris in rasa muryar Baba!

Wayata ce ta cika, na kai wa Yaya Sani shagonsa ya kwashe mini hotuna zuwa kwamfuta. Ana cikin yi, kebul ya zare. Na duba waya, wayam! Har bidiyon marigayi Baba yana yi mana addu'a babu.

Na ce, "Yaya, kwafar hotunan ka yi ko yankewa daga wayar?"

Ya ce, "Yankewa mana. Ba wuri kike nema ba?"

Awa uku muna lalube! Ashe a kwamfutar, cikin foldar hotunan shinkafar da yake sayarwa suka faɗa. Na kunna, sai ga Baba yana cewa, "Allah ya haɗa kanku."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni ko ƙarfin faɗa ba ni da shi.