Buhu Goma Sha Biyu da Ba Su Cikin Takarda

Ku sababbin direbobi, ku bar dariya ku ji. Har gobe ba zan manta da Larabar da na kai kayan agaji bakin teku, washegari na koma gida unguwar Ganou babu makullin mota a aljihuna ba.

A lokacin ina jan kamyo, babbar motar kaya, wa Alhaji Muktari, jikan fataken goron Djougou, wanda garejinsa ke Parakou. Dokarsa guda ce. Kafin mota ta tashi ana rubuta takardar lodi, kowane buhu a ciki. Wanda aka kama da ko kaza ɗaya da ba ta cikin takardar, ya ajiye makulli. Ni kuwa 'ya'yana shida, kuma ban iya komai ba sai sitiyari.

A ƙarshen daminar wannan shekara kogin Mono ya cika ya shiga ƙauyukan wajen Grand-Popo. Mutanen zangon Djougou suka kafa kwamiti, Alhaji ne shugaba. Gaskiya jama'a sun yi ƙoƙari: shinkafa, masara, doya, wake, har wani manomin ƙauyen Sérou da ya kawo kwano biyu a bayan keke. Aka loda mini, Alhaji ya wuce gaba a ƙaramar motarsa don ya shirya da ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari.

To, kun san halinmu. Bayan Bassila na ga gawayi jibge bakin hanya, ga araha, kuma na san yadda ake rububinsa a Kutunu. Zuciya ta ce, Mamman, wa zai leƙa ƙarƙashin tamfol? Na cusa buhu goma sha biyu can ƙurya, na rufe da doya.

Mutanen ƙauyen da muka je sun taru a wata lakwal, wato makaranta, da ke kan tudu. Kafin mu zo sun riga sun tsara kansu: maza na kwaso tsofaffi da kwale-kwale, mata sun raba azuzuwa, kowane gida da kusurwarsa. Alhaji ya fito da babbar riga, ya yi jawabi da Faransanci, aka tafa, aka ɗauki hoto. Aka fara sauke shinkafa.

Sai wata dattijuwa mai suna Maman Afi, wadda ke kula da girkin sansanin, ta matso. Ta dubi tulin buhunan, ta dubi Alhaji.

"Mun gode, Alhaji. Shinkafa kam ga ta can cike da aji, an kawo mana tun shekaranjiya. Da me za mu dafa?"

Ta nuna murhu. Itacen duk ya sha ruwa, hayaƙi kawai yake yi, sun ƙone benci biyu na 'yan makaranta. Yara na gaigayar ɗanyen rogo. Kwamitinmu maza goma sha ɗaya ne, kuma na rantse babu wanda ya taɓa hura wuta a cikinsu.

Ni kuwa na tuna da gawayin da ke ƙarƙashin doya. Na yi niyyar in ce sauran doyar ta wani ƙauye ce, in ja motata in tafi da asirina a rufe. Wallahi na kai hannu ga ƙofar mota. Sai na ga wata mata tana fifita jiƙaƙƙen itace da faranti, hawaye na zuba saboda hayaƙi, jariri a bayanta yana tari. Na ce a raina, shi ke nan, Mamman, aiki ya tafi. Na hau na ture doyar, na jawo buhun farko na kwance bakinsa.

Kai! Guɗar da matan nan suka yi, ko a biki ban taɓa ji ba. Maman Afi ta kama hannun Alhaji da hannu biyu.

"Ashe ka yi tunaninmu! Duk masu zuwa, kai kaɗai ka san abin da ke cikin kicin."

Alhaji ya gyara hula ya ce, "Ai mu mutanen arewa ba ma yin abu rabi da rabi." Yana faɗa yana kallona ta gefen ido. Kafin la'asar tukwane takwas suna tafasa, na ci shinkafa da kifi har na kasa tashi.

Washegari a gareji ya kira ni ofis.

"Malam Mamman, gawayin nan yana cikin takarda?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Ka fitar da ni kunya, Allah ya yi maka albarka. Amma doka doka ce. Ajiye makulli."

Sati uku na yi zaune a gida, matata tana tambayata ko an ba ni lambar yabo. A cikin satin farko mota ta biyu ta tafi kudu, gawayi zalla, an rubuta shi tsaf a takarda, an ce shawarar shugaba ce. Sai da limamin unguwarmu ya je ya roƙa kafin aka maido ni.

Abin da na koya shi ne, mu masu jigila mun san nauyin kaya da tsawon hanya, amma ba ma tambayar wanda zai karɓa. Yanzu duk lodin agaji da aka ba ni, sai na ce a kira wata mace a can a ji abin da babu. Wannan ma ya zama tsarin kwamiti, da sunan Alhaji. Ni dai nawa sunan yana fitowa ne idan ana ja wa sababbin direbobi irinku kunne a kan lodin ɓoye.