Rabona na Wutar Sola

A azumin da na sayi katin kwamfutar nan, zafin Gaya bai bar wa kowa fara'a ba. Tun da aurena ya mutu na dawo gidanmu, sana'ata ɗaya ce: ɗaukar bidiyon bikin mata. Kamu, sa lalle, wuni, duk inda aka tura ƙofa aka ce kada namiji ya leƙo, ni ake kira. Ba wai na fi masu shagunan bakin titi iya aiki ba ne. Abin da na ɗauka a ɗakina nake haɗa shi, daga hannuna sai hannun uwar amarya, idon namiji ba ya sauka a kai. In aka cire wannan, ba ni da abin sayarwa.

Matsalata kwamfuta ce. Tsohuwa ce, ta hannu na saya, in na ɗora mata bidiyo mai nauyi sai ta kama nishi, hoto yana tsayawa yana tafiya. Aka ce min maganinta katin hoto, wani ƙarfe mai fanka biyu da ake soka mata a ciki ya ɗauke mata nauyin. Na daɗe ina jin farashinsa ina kau da kai, sai ga labari wani shago a Kano ya yi rangwamen Sallah. Na hau bas da ƙishirwar azumi na je, na dawo da shi rungume cikin mayafi. Mai shagon ya yi ta yabon saurinsa har bakinsa ya bushe, amma bai ce min uffan ba game da cin wutarsa.

Gidanmu babba ne, kuma sola ɗaya ce ta kowa da kowa, da kuɗin gyaɗar gandu aka sa ta. Ranar da aka haɗa, Baba ya raba wutar yadda yake raba hatsin rumbu: kowane ɗaki ƙwan fitila ɗaya, fanka ɗaya, da wurin cajin waya. Yayana, babban ɗan gidan, shi aka damƙa wa kula da batira, kuma yana ji da su fiye da yadda yake ji da babur ɗinsa. Kwamfutata ta daɗe a kan layin ɗakina ba wanda ya taɓa cewa komai, don cinta bai taka kara ya karya ba.

Da na sa katin, aiki ya tashi, har na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki. Sai dai fankokin gida suka fara mutuwa kafin sahur. Yara su tashi jage-jage da gumi, matan yayyena su tashi da baki a tsuke. Yaya ya bi ɗaki ɗaki yana bincike, ya zargi wani da ɓoye dutsen guga, ya zargi wata da dafa ruwa. Wata rana da hantsi ya tsaya a ƙofata.

"Ke, abin nan naki a kunne yake?"

"A kunne yake, Yaya, amma ba aikin da yake yi."

Dalilin barinta a kunne shi ne, in na kashe tsohuwar nan, tayar da ita sai da lallashi. Ya ce in biyo shi. Ya nuna min ɗan gilashin da ke jikin inbata, mai nuna yawan wutar da gida ke ja, sannan ya sa na koma na zare soket. Da na dawo, lambar da ke gilashin ta faɗo ƙasa warwas. Wato katin nan ko yana zaune hannu rabbana, zuƙar wuta yake yi, fankokinsa na juyawa a banza. Gaskiyar Yaya ce, kuma ban musa ba. Abin da ya ɗora a kai ne ya tayar min da jijiyar wuya.

Bayan shan ruwa ya kai maganar gaban Baba, Inna na gefe tana jan carbi. Ya ce a cire katin a mayar Kano tun kasuwar Sallah ba ta watse ba. Aikin kuwa, abokinsa na da shago da janareta, in riƙa ɗauka ina kai masa yana haɗawa.

A lokacin akwai bidiyon wani biki a hannuna, wanda aka yi a Ajingi daf da azumi. A ciki kakar amarya, tsohuwar da ba a taɓa ganin ta ɗaga murya ba, ta ji kiɗan ƙwarya ta miƙe ta taka, har ɗankwalinta ya zame furfura ta bayyana, ba ta ko tsaya ɗauka ba. Da zan tafi, uwar amaryar ta riƙe min hannu a zaure ta ce amana ta ba ni. Shi ne ake so in ɗauka in ajiye a teburin da samari ke zagaye da shi suna kallon ƙwallo.

Raina ya ɓaci, amma na tanƙwashe ƙafa na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, wutar nan ba rabon hatsi ka yi mata ba?"

"Haka na yi."

"To in an auna min nawa, akwai mai bin bayana ya ga tuwo na tuƙa ko kaji na watsa wa?"

Yaya ya ce, "Kajin naki sun fi cin mudunki, ai shi ne maganar."

"To a cire fankata. A cire ƙwan fitilar. Na'urar kuma ba zan kunna ba sai rana ta hau kan farantin sola, da la'asar in zare ta daga bango. In fanka ɗaya ta ƙara mutuwa a gidan nan saboda ni, da hannuna zan kai katin Kano. Amma bidiyon matan mutane ba zai shiga shagon kowa ba, ko da zan kwana a tukunya."

Inna ta ce, "Ke dai bakin nan naki." Baba ya ce tunda rabonta ne, a bar ta da shi. Washegari Yaya ya zo da sukundireba ya kwance fankar da kansa, yana murmushin wanda ya san za a zo ana roƙonsa.

Ban je ba. Na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Ɗakina na kwano ne, sai in jiƙa zane in lulluɓa, kafin barci ya ɗauke ni ya bushe ƙamas. Ƙurajen zafi suka feso min a wuya da baya. Kullum da hantsi sai na yi ta lallaɓa tsohuwar kwamfutar kafin ta yarda ta tashi, ina zaginta ina roƙonta. Inna ta ce in dawo ɗakinta in riƙa kwana, na ce a'a, iskar fankarta rabonta ce, ba zan bari a ce na ci nawa na dawo na ci na wani ba. Fankokin gida kuwa suka koma kaiwa asuba, Yaya ya rasa abin faɗa sai harara.

Bayan Sallah, ranar kasuwar Ajingi, na kai aikin. Aka kori maza daga tsakar gida, aka tura ƙyaure, aka zaunar da kakar amarya a gaba. Da aka zo wurin rawarta mata suka ɓarke da shewa, ita kuwa ta rufe baki da hannu tana dariya har hawaye. Can sai dariyar ta ɗauke. Ta kamo hannuna ta jawo ni kusa.

"'Yar nan, kan nan nawa, wa da wa suka gani?"

"Hajiya, daga ni sai waɗanda ke ɗakin nan."

Ta daɗe tana dubana, idonta ya sauka kan ƙurajen wuyana, ta shafa su da yatsa ta tambaye ni ko a gidanmu babu fanka ne. Na ce akwai, kowane ɗaki da tasa. Ta saki hannuna, ta gyara zama, ta ce a mayar mata da bidiyon baya tana so ta ƙara gani.