Kawu Buba, wanda ya hana a cire mini haƙora

Ina rumfata a kasuwar Gadaka wani direban lori ya tsaya, ya ce Kawu Buba, dillalin shanu na Dogo Nini, ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayan mahaifiyata ne, kuma tun rasuwar mahaifina ban san wani uba ba sai shi.

Ina ɗan shekara goma na fara ramewa. In aka ba ni nama sai in yi ta juya shi a baki, in faki ido in tofar. Mahaifiyata ta ga jini a bakina, maƙwabta suka ce haƙoran gaba ne suka fito da mugunta, a kira wanzami ya cire su. Har ya zo da kayansa, ni kuwa ina bayan rumbu ina kuka.

Kawu ya shigo, ya same ni a can, ya ɗaga mini leɓe kamar yadda yake wa bijimi a kara, kasuwar shanu. Ya ce, "Ciji a hankali, ɗana." Ya daɗe yana dubawa, sannan ya juya wajen ƙanwarsa.

"Hauwa, haƙoran nan lafiyarsu ƙalau. Haɗuwarsu ce ba daidai ba. Na ƙasa ne ke sukar dasashin sama, shi ne jinin. Dabbar da bakinta bai daidaita ba, a gaban ciyawa take ramewa."

Ya ba wanzami haƙuri da goro, ya kai ni asibitin En'e, aka goge kaifin haƙora biyu. Ya hana ni fasa ƙashi da ɓare rake da baki, ya sa a riƙa daka mini nama. In yara suka tsokane ni, sai ya ce, "Bar su, abin da aka cire ba ya komawa, amma dariya tana ƙarewa."

Mutum ne mai faɗa, na sha rankwashinsa, amma ban taɓa ganin ya yanke hukunci bai duba ba. Yau ga ni da furfura, haƙorana suna nan, wanda ya tsaya musu ya tafi. Wallahi na yi rashi.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba matarsa Inna Falmata da 'ya'yansa haƙuri. Yadda ya duba ni da tausayi kafin ya yanke hukunci, ya Allah, Ka dube shi da rahama. Amin.