Wanzamin da Ya Kashe Wutar Jego

Har yau akwai masu kiran kakana "Malami mai sayar da jini" a Dandin Mahe, kuma duk wanda ya faɗa a gabana sai mun yi da shi, ko da furfurarsa. Sunana Maniru. Ina cikin zanen goyo lokacin da abin ya faru, don haka a bakin mahaifiyata Asabe na ji labarin, ragowar kuma a bakin waɗanda suka zage shi.

Malami wanzami ne gaba da baya. Gajere, mai kaifin baki, kullum da zabira a kafaɗa. Askin suna, kaciya, ƙaho, duk shi ake kira, daga garinmu har Horo Birni. In jikin mutum ya yi nauyi sai ya kafa masa ƙaho a baya, ya zuƙo jinin, ya nuna masa, ya binne a rami.

Matarsa Hasiya ta rasu a jegon haihuwar Asabe. Ƙafafunta ne suka fara kumbura, sai haki, har ta kasa kwanciya. Tsofaffi suka ce sanyi ya shige ta, aka ƙara itace a ƙarƙashin gadon ƙasar da take kwana, aka ƙara kanwa a kunu, ruwan wanka kuwa sai ya tafasa. Shi ma Malami ya yi abin da ya iya, ya yi mata ƙaho. Ba ta ga arba'in ba. Bai taɓa zancen da kowa ba, ya yi ta askinsa.

Asabe ta girma, ta yi aure a Bodinga, ta dawo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba. Zamanin farar hula ne, lokacin da komai ya tsuke, sabulu sai layi, asibiti kuwa sai dai a duba ka a ce ka je ka nemo magani. Inno, yayar Malami, ita ta karɓi jegon. Mace ce mai ƙwazo, kuma wallahi tana son Asabe, wannan ba zan ci amanarta ba. Ta rufe ɗakin ruf, ta hura wuta, ta dama kunun kanwa. Ba a daɗe da yin suna ba Malami ya tsaya a bakin ƙofa ya ji numfashin ɗiyarsa. Ya san wannan hakin.

A makon ne wata farar mota ta tsaya a ɗakin shan magani. Ma'aikatan lafiya ne daga Sakkwato, suna bincike a kan mata masu jego da na kulle. Su gwada bugun jini, su ɗebi kaɗan a kwalba, su je su duba bitamin D, sinadarin da jiki ke samu daga hasken rana, da wasu alamomi a cikin jinin, don su gane ko akwai alaƙa da ciwon zuciya. Kafin azahar magana ta zaga gari cewa gwamnati ta talauce, jinin talakawa za ta kai Turai ta sayar. Mutanen da suka wuni a layin sabulu, me za ka faɗa musu su ƙi yarda? Maza suka taru nesa da motar suna kallo, ko mace ɗaya ba a bari ta fito ba.

Malami ya ratsa su da zabirarsa, ya juyo.

"Mi kuke tsoro? Duk wanga taro babu bayan da ban tsaga ba! Jininku da na binne ya cika randa, wa ya taɓa tambayata ina na kai shi? Yau cokali guda ne ya hana ku barci?"

Ya naɗe hannun riga ya miƙa hannunsa ga wata ma'aikaciya, Malama Maryam. Da ta gama ya ce, "To, kin ga nawa. Taho ki ga na ɗiyata."

Malama Maryam ta danna ƙafar Asabe da yatsa, wurin ya loɓa ya ƙi tasowa. Ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce, "Baba, zancen rana bincike muke yi, ba mu gama ba, ko da yake fitowa hantsi ba zai cuce ta ba. Amma wannan kumburin ba sai an jira kwalba ba. Zuciyarta ce ta gaji, kanwa da zafin nan suna ƙara mata kaya." Ta bar ƙwayoyi, ta ce da zarar ta iya zama a mota a kai ta Sakkwato.

Tana fita Inno ta tare ƙofa. "Ka kawo baƙuwa ta kwashi jinin mai jego, yanzu kuma a daina wanka? Da wanga wanka anka yi ni, da shi anka yi ka!"

"Da shi anka yi Hasiya," in ji Malami.

Tun rasuwarta ba a ji sunan a bakinsa ba.

Namiji ba ya shiga ɗakin jego, balle uba a wurin ɗiyar fari, wadda kunya ta hana shi ko ambaton sunanta tun da aka raɗa mata shi. Ya kauce wa yayarsa, ya sunkuci tukunyar ruwan wanka, ya shiga ya sheƙa a ƙarƙashin gadon. Wuta ta mutu, toka ta turnuƙe ɗakin, mata na salati. Mahaifiyata ta ce a cikin hayaƙin nan ta ji ya ce, "Asabe, tashi." Ta ce wannan ne ya sa ta kuka, ba ciwon ba. Ta kasa tashi, ya ɗauko ta cak, ya fito da ita, ya zaunar a kan tabarma a tsakiyar gida inda hantsi ke sauka.

Inno ta ɗaure kayanta, ta rantse in yarinyar nan ta mutu jininta na wuyansa, kuma ita da gidan har abada. Malami ya ce ya ɗauka.

Gari ma ya biya shi. Aka shiga tambayar ko nawa masu motar suka ba shi. Aka daina kiransa askin suna, aka koma ɗauko wanzami daga Sifawa. Mutumin da ba ya wuni a gida ya koma wasa askar da babu kan da za ta hau, sai nawa. Ya shiga cin rani a gonakin albasar wasu. An sha ba shi shawara ya je ya ba manya haƙuri, yakan ce, "Haƙurin mi? Ga ta can tana daka." Sakamakon kwalbar kuwa, da aka tambaye shi ya ce bai bi sawu ba, kowace safiya yana ganin nasa sakamakon a tsakar gida.

Mahaifiyata ta tashi, da magani da zirga-zirgar Sakkwato. Ban ce rana ce ta warkar da ita ba, masu binciken ma ba su ce ba. Na dai san ta yi jikoki, uwarta kuwa ko yaye ba ta yi ba.

Da Malami ya rasu, mata suka shiga ɗaki zaman makoki. Asabe ta ja tabarmarta zuwa tsakiyar gida, daidai wurin nan, ta ce mai gaisuwa ya same ta a rana. Ana ta ƙus-ƙus sai ga Inno a bakin zaure da sanda, ta tsufa tukuf. Aka taso za a kai ta inuwa, ta doke hannun.

"Ku sake ni," ta ce. Ta lallaɓa har bakin tabarmar. "Matsa mini, ɗiyar Hasiya."